Gyara Kafin Damina: Sanin Katako a Hannun Matasan Tuboro

A Tuboro ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai. Idan zafin Maris da Afrilu ya kai maƙura, sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, ta bi gida gida tana jijjiga duk abin da aka kafa da ƙusa ko aka ɗaure da igiya. Cikin ɗan lokaci take rarrabe aikin gaskiya da aikin ha'inci. Gari na wayewa sai ka ga kwano kwance a gonar maƙwabci, ɗakin jinka ya karkace, ƙyaure ya rabu da bango. Mai hali zai aika a kira masa kafinta. Amma tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi Garwa ko Yawunde neman abinci, da matar da aka bari da marayu, da dattijon da idonsa ya tafi, su sai dai su jera robobi a tsakar ɗaki suna tarar yoyo har watan Oktoba.

Saboda irin waɗannan gidaje nake son in yaba wani ilimi da ba a cika ɗauka ilimi ba. Ni matashi ne, ba ni da shagon kafinta. Ina cikin samarin da suka koyi riƙe zarto da guduma don sha'awa, a ranakun da babu makaranta ko aikin gona, daga baya suka lura cewa sha'awar nan ta fi amfani a gidajen unguwa da ba su da mai gyara musu. Abin da wannan aiki ya nuna mini shi ne gyara ya fi ƙira buƙatar sani. Mai haɗa sabon tebur shi ke zaɓar katakonsa, shi ke tsara awonsa. Mai gyara kuwa aikin wani yake tararwa, wanda rana da ruwa da gara suka yi shekaru suna ci. Dole ya gano musabbabin ɓarnar kafin ya ɗaga guduma, kuma ya magance ta da ɗan abin da ke hannu.

Garin da katako ke ratsawa

Tuboro tana cikin gundumar Mayo Rai a lardin Arewa na Kamaru, wanda Garwa ce hedikwatarsa, a ƙasar lamidon Rai Buba. Ba ta da nisa da inda iyakokin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗu, inda kasuwar Mbaimbum ke tara 'yan ƙasashen uku. Kwaltar da ta taso daga Ngaundere zuwa Mundu, mai tsawon kusan kilomita 400, ta cikinta ta bi. Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, can ake sauke katakon da aka yanko daga dazuzzukan kudu da gabashin ƙasar, manyan motoci su kwasa zuwa garuruwan arewa da Cadi. Yaron Tuboro yana tashi yana ganin katako yana wucewa, wani kuma yana sauka a kasuwarsu.

Abin da ke motsa aikin gini a nan auduga ce. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, yana da masana'antar gurzar auduga a garin, kuma da rani kuɗin manomi ke shigowa. Lokacin ne ake sayen kwano, a buga tubali, a yi wa amarya gado. Ƙasar noma ta jawo mutane daga Arewa Mai Nisa, Mafa da Tupuri da sauransu, suka zauna tare da Mbum da Fulani da Laka da Gbaya da Hausawa 'yan kasuwa, kowa da salon gininsa. Shi ya sa a gida ɗaya za ka iya tarar da zagayayyen ɗakin jinka, da ɗakin tubalin ƙasa mai rufin kwano, da shagon siminti a bakin hanya. Wanda zai yi gyara a irin wannan gari sai ya san halin kowannensu.

Darasin farko a rumfar kafinta

Kayan aikin mai sha'awa ba su da yawa: zarto, guduma, kurfi, sikwaya, tef, fensir, filaya, magagari, dutsen wasa, da abin fere katako mai aska a cikinsa. Jakar buhu ɗaya ta ishe su, a ɗaure a bayan keke. Yawancinmu aro muka fara yi a rumfar wani dattijon kafinta da muke kira Baba, kuma aikin da ya fara ba mu shi ne miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse. Mai kallo zai ɗauka wahalar da yaro ake yi. Amma a nan hannu ke koyon nauyin guduma, ido ya koyi gane karkata komai ƙanƙantarta, zuciya kuma ta koyi cewa ba a zubar da abin da zai sake amfani.

Daga nan sai wasa ƙarfe. Dakusasshen kurfi ya fi mai kaifi saurin yanka mai shi, domin sai an danna da ƙarfi, idan ya zame kuwa ba ya tsayawa sai a hannu. Haƙoran zarto ma akwai hikima a cikinsu. An ɗan karkatar da su, ɗaya dama ɗaya hagu, don hanyar da suke buɗewa ta fi kaurin ruwan zarton, kada ya maƙale. Wanda ya iya bin haƙoran nan da magagari ɗaya bayan ɗaya ya mayar da tsohon zarto sabo. Wajen yanka kuma ba a bin kan layin fensir, gefensa ake bi, ta ɓangaren da za a yar, saboda zarto kansa yana cin wani abu daga tsawon katako. Gwani ba ya danna zarto. Yana barinsa ya tafi da nauyinsa, kuma daga sautinsa yake jin ko yankan ya fara baudewa.

Awo shi ne inda lissafin makaranta ke saukowa ƙasa. Idan ana son kusurwa ta tsaya daidai a abin da ya fi ƙarfin sikwaya, sai a auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗaya gefen. Idan tsakanin alamomin biyu ya ba da 100 cif, kusurwar ta daidaita. Idan firam ɗin ƙofa ne ko na taga, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. Awon ya zo ɗaya, aiki ya yi. Igiya da ɗan dutse a ƙarshenta tana nuna ko ginshiƙi ya miƙe. Siririn tiyo da aka cika da ruwa yana nuna ko bango biyu tsayinsu ɗaya, domin ruwan da ke bakinsa biyu kullum a layi ɗaya yake tsayawa. Da yawa daga cikinmu sai a rumfar kafinta muka gane abin da malamin lissafi yake nufi a allo.

Kowane icce da halinsa

Wanda bai sani ba yana ganin katako duk ɗaya ne. Gwani kuwa da ya ɗaga, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya san wanda yake hannunsa da abin da zai iya.

Farin katakon da ya cika kasuwannin arewa, wanda ake kira ayus, daga dajin kudu yake zuwa. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin yanka, yana karɓar ƙusa ba tare da tsagewa ba, kuma ya fi sauran araha. Amma gara da ƙwari suna son sa, danshi kuma yana saurin ruɓar da shi. Wurinsa silin da kabad da bencin cikin ɗaki, inda ba ya taɓa ƙasa. Loko da sauran jajayen katakai na kudu sun fi ƙarko, sun fi tsada, su ake nema don ƙyaure da firam.

Dajinmu ma yana da nasa manya. Maɗaci ja ne mai kyan gani, yana yin ƙofa da gado. Kawo yana da nauyi da tauri, ba ya yawan motsi idan ya bushe. Ƙirya ita ce ta turmi da ginshiƙin rumfa, domin gara tana shakkarta. Marke na ƙotar gatari da fartanya ne. Gora da tukurwa suna yin gado da rumfa da ƙyauren zaure marar nauyi. Giginya kuwa, idan aka tsaga ɓangarenta na waje mai baƙin zare, ita ce azarar da magina Hausawa suka dogara da ita tun da daɗewa. Da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, aikin da har yau masana gini ke zuwa kallo.

Waɗannan itatuwa suna ƙarewa, kuma mai son katako ya kamata ya fi kowa jin zafin haka. An yi wa madobiya sara mai yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya don kai wa kasuwar Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. A taron 2022 aka ƙara da dangin maɗaci da na kawo na Afirka. Don haka tsohon ƙyauren maɗaci da ke jingine a bayan ɗaki dukiya ce. Idan aka cire ƙusoshinsa aka fere fuskarsa, jan da ke ciki yana fitowa sabo, kuma ya riga ya gama duk motsin da zai yi. Gyara ɗaya da aka yi da tsohon katako icce ne aka bari a tsaye a daji.

Akwai abubuwa biyu da ke cikin kowane icce waɗanda mai gyara ba ya mantawa. Na farko, zuciyar icce ta fi gefensa ƙarko. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo shi ƙwari ke fara ci, ko da na maɗaci ne. Na biyu, katako yana shan danshi yana fitarwa har ƙarshen rayuwarsa. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, a tsawonsa kusan babu. A Tuboro, inda damina ke kai wata shida sannan busasshiyar iska ta biyo baya, wannan bambanci babba ne. Ɗanyen katakon da aka yi gaggawar haɗa tebur da shi zai buɗe baki kafin watan Fabrairu. Shi ya sa ake jera shi a inuwa, a ɗaga daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a ba shi lokaci.

Ƙofar da ta ƙi rufuwa

Mafi yawan kiran da ake yi mana a kan ƙofa ne, kuma a nan ake gane bambancin mai sani da mai gaggawa. Mai gaggawa zai fere inda ƙyaure ke gogar firam ya tafi. Mai sani zai tsaya ya duba, domin abu uku ke hana ƙofa rufuwa, kowanne da maganinsa.

Wani lokaci kumburin damina ne kawai. A nan kaɗan ake ferewa, don idan aka zurfafa, hunturu na zuwa za a sami kafar da ƙura da sanyi da kunama za su riƙa shiga. Sannan a shafa fenti a saman ƙyauren da ƙasansa, inda ba a gani, domin ta kan katako ruwa ya fi shiga. Wani lokaci ƙyauren ne ya sunkuya. Alamarsa, ƙasansa ta wajen sakata yana jan ƙasa, samansa kuma ya bar fili. Ko dai ramukan da suka riƙe ƙarfen da yake juyawa a kai sun yi faɗi, sai a cusa musu tsinken katako da gam a sake ɗaurewa, ko kuma jikin ƙyauren ne ya saki. Maganin wannan katako ɗaya ne da za a gicciya, amma sai an san inda zai dosa: daga ƙasa ta wajen da ƙyauren ke maƙale da firam, ya hau zuwa sama ta wajen sakata. A haka nauyin ƙofar yana sauka a kansa ya tokare. Idan aka juya shi, ƙusoshi kaɗai ke riƙe da nauyin, kuma ba za su daɗe ba. Na uku, bangon ne ya motsa ko gara ta cinye gindin firam. A nan ko an fere ƙyaure sau goma ba a taɓa ciwon ba.

Haɗin da ya fi kowanne daraja a wannan aiki shi ne na namiji da mace: a huda rami mai kusurwa huɗu a katako ɗaya da kurfi, a fitar da harshe a ɗayan, kaurinsa kamar sulusin kaurin katakon, a shigar. Idan ya yi daidai, hannu zai tura shi rabi, ɗan bugu ya ƙarasa. Kujerar da aka haɗa haka tana kai jikoki. Ranar da matashi ya fara fitar da irin wannan haɗi ba tare da rata ba, ranar ce dattijan rumfa ke fara miƙa masa aiki ba tare da sun tsaya a kansa ba.

Rufi da iska

Inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ne yake shiga ba. Yakan shiga ta sama, ya bi jikin katako ya gangaro, ya faɗo a wani wuri. Don haka da tsakar rana ake shiga ɗakin, a rufe ƙofa da taga, a ɗaga kai. Duk hudar da ke jikin kwano za ta nuna kanta da ɗigon haske. Sannan a bi tabon ruwa a jikin katako har zuwa mafarinsa.

Kwanon alminiyam da ake yi a Edeya, wanda ya yaɗu a Kamaru, ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi, amma yana da laushi, yakan yage a wuyan ƙusa idan iska ta yi ta wasa da shi. Ƙa'idodin kafa shi kaɗan ne, sai dai kowace an koye ta da asara. A kan tudun kwano ake buga ƙusa, domin kwarin hanyar ruwa ne. Kowace ƙusa tana son ɗan faifan roba a ƙarƙashin kanta, idan babu na saye a yanka daga tsohon tub na taya. Ba a buga ta har kwanon ya lotsa. Kwanon sama shi ke hawa kan na ƙasa da kamar tsawon tafin hannu ko fiye, na gefe kuma ya hau ɗan'uwansa ta yadda bakin haɗin zai ba iskar gabas baya.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne iska ɗaga rufi take yi sama. Tana kama shi ta baki da kusurwoyi, idan kuma ta sami shiga ɗaki ta buɗaɗɗiyar taga sai ta tura daga ciki. Shi ya sa rufin da aka yi wa ƙusa dubu yakan tashi gaba ɗaya da katakonsa, saboda ba a ɗaure katakon da bango ba. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa a sama taimakonsu kaɗan ne, kuma idan suka faɗo su ma haɗari ne. Gyaran gaskiya shi ne a huda bango layin tubali uku ko huɗu daga sama, a zura waya mai kauri ko siririn rodi, a zagayo da ita kan katakon a murɗe, a ƙara yawan ƙusa a baki da kusurwa. Idan sandar rufi ɗaya ce ta ruɓe a tsakiya, ba sai an sauke rufin duka ba. A tokare ta daga ƙasa, a kawo lafiyayyun katakai biyu a haɗa mata dama da hagu, su zarce ruɓaɓɓen wurin sosai, kamar yadda mai ɗori ke ɗaure karaya da karare. Ƙusoshin kuma kada su jeru a layi ɗaya, don kada su tsaga katakon. Idan katako mai tauri ne, a ɗan dakusar da tsinin ƙusa da guduma kafin a buga, ko a fara huda mata hanya.

Ɗakin jinka ilimi ne na daban, kuma a nan mu masu zarto ɗalibai ne a gaban tsofaffin ƙauye. Su suka san yadda ake haɗa tsaiko a ƙasa, a zagaye shi da tanka, a yanta shuci, a fara baibaya daga ƙasa zuwa sama kowane layi yana rufe na ƙarƙashinsa, da irin tsayin da zai sa ruwa ya gangare kafin ya jiƙa ciyawa. Ranar ɗorawa kuwa sai an kira maƙwabta, don a nan karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka take aiki a zahiri.

Hawa rufi ba wurin nuna jarumtaka ba ne. Tsani sai da mai riƙewa, gindinsa ya nisanci bango da kamar rubu'in tsayinsa. A kan layin ƙusa ake taka ƙafa, inda katako yake a ƙasa. Ba a hawa idan hadari ya taso, ba a ɗaga kwano kusa da wayar lantarki. Wanda tsohuwar ƙusa ta soka ya wanke ya tafi asibiti a duba batun allurar tetanus, kada ya tsaya ga toka da tsumma.

Gara

Gara ba ta son haske da iska, shi ya sa take gina siririyar hanyar ƙasa a jikin bango ta hau. Tana cin cikin katako ta bar fatarsa, har mutum ya ga firam lafiya lau alhali fanko ne. Ana gane ta da ƙwanƙwasawa da kuma tsira kan ƙusa. Maganinta na farko raba katako da ƙasa: ƙafar rumbu a kan dutse, gindin firam a kan siminti, gado da kabad a ɗan janye su daga bango. Na biyu ido, a riƙa kankare hanyarta da zarar ta fito, a kwashe tarkacen itace daga gindin gini. Mutane da yawa suna shafa baƙin mai a katakon rufi, amma kada ya kusanci rijiya, ko rumbun hatsi, ko abin da yaro zai taɓa, haka ma magungunan kasuwa.

Ladabin shiga gidan mutane

Duk wannan sani ba ya amfani idan babu ladabi. Gidan da ya fi buƙatar gyara shi ya fi jin kunyar a gani. Don haka ba a faɗa wa mutane da guduma a hannu. Ana fara bi ta wurin mai unguwa, ko limami, ko shugaban coci, ko wata dattijuwa da gidan ke jin nauyinta. Ran zuwa a tsaya a zaure a yi sallama, a jira mata su kimtsa. Idan tsohuwa ce a durƙusa a gaishe ta: "Inna, ina kwana? Mun zo duba ƙofar nan ne, idan kin yarda." Dattijo kuma a ce masa, "Baba, a ina kake ganin ruwan yake shiga?" Shi ya kwana a ɗakin, ya fi kowa sanin inda yake ɗiga, kuma tambayar tana bar masa girmansa na mai gida.

Abin da ido ya gani a ciki, a ciki yake zama. Ba a ɗaukar hoton ɗakin gajiyayye a sa a Facebook ko WhatsApp don a yaba wa mai gyara. Ba a karɓar kuɗi, amma idan aka miƙo ruwa ko kunu ko ɗan ƙullin gyaɗa a karɓa da hannu biyu, domin ƙin karɓa yana mayar da mai gida almajiri a gidansa. Idan an gama, abin da ake ji shi ne, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana," kuma babu wanda ya taɓa jin wannan daga bakin tsohuwa ya koma gida yana ganin ya yi aikin banza.

Akwai haƙƙin masu sana'a ma. Kafinta da wannan aiki yake ciyar da iyalinsa, don haka mai sa kai ba ya zuwa gidan da zai iya biya. Idan aiki ya fi ƙarfinsa, kamar bangon da ya tsage ko rufin da ya kamata a sauke, ya faɗi gaskiya ya kira gwani. Kayan aiki kuwa daga karo-karo suke fitowa, da ragowar katakon da masu shago ke bayarwa, da tsohon kwanon wanda ya sabunta rufinsa. Aikin bai san addini ko yare ba. Hannun da ya gyara makarar masallaci shi ke gyara bencin coci da na makarantar firamare.

Sana'a mai asali

Matashin da ke jin kunyar a gan shi da garin katako a gashi ya tuna cewa Annabi Nuhu jirgi ya sassaƙa, kuma ya zo a hadisi cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Maƙwabtanmu Kirista sun san Yusufu mijin Maryamu da wannan sana'a. A zamaninmu, Jimmy Carter, wanda ya shugabanci Amurka, ya kasance yana haɗa kujeru da kabad don sha'awa, kuma daga 1984 ya yi shekaru masu yawa yana aikin sa kai da ƙungiyar Habitat for Humanity, yana gina wa marasa hali gidaje da hannunsa. A Amsterdam ta ƙasar Holan, a 2009 Martine Postma ta fara taron da masu iya gyara ke zama su gyara wa mutane kayansu kyauta, abin ya bazu ƙasashe da yawa. Mu a nan ba baƙon abu ba ne, aikin gayya muka gada. Abin da ya rage shi ne mu ƙara masa awo da sanin katako.

Hanyar koyo a buɗe take. Akwai makarantun sana'a na CETIC a Kamaru inda ake koyar da aikin katako har a yi jarrabawar CAP, akwai kuma rumfunan dattijai da ba sa korar yaro mai ladabi. Makon matasa da ke ƙarewa ranar 11 ga Fabrairu yana faɗowa a tsakiyar rani, daidai lokacin da katako ya bushe, hanya ta yi kyau, ruwa kuma bai kusa ba. Samarin kowace unguwa suna iya ɗaukar wannan mako su zagaya da mai unguwa, su rubuta gidajen da rufinsu ko ƙofarsu ba za su kai wata damina ba, su bi su ɗaya bayan ɗaya kafin Afrilu.

Roƙona ga iyayenmu kafintoci shi ne su riƙa ba mu aron kayan aiki da ragowar katako, su kuma riƙa zuwa duba abin da muka yi, su gyara mana. Ga 'yan'uwana matasa kuma, maza da mata, duk wanda ya iya miƙe ƙusa da karanta tef ya jawo ƙaninsa ko ƙanwarsa su riƙe masa tsani, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma ya ci moriyar maɗaci ya dasa wani a ƙofar gidansu ya yi masa shinge, saboda masu gyaran da za su zo bayanmu su ma za su buƙaci katako.